Kotun da Ba Ta Ji Baba Ba

Babana mutum ne mai son a kai magana inda za ta ƙare. Ko akuya ce ta yi masa ɓarna a gona, ba ya tsayawa wajen mai unguwa muddin ya san dagaci yana gari. In ka tambaye shi dalili sai ya ce abin da ƙarami zai ji, babba ma zai ji, kuma in babba ya yanke babu mai sake tayar da zancen. Haka ya buɗi ido ya gani: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, kowannensu yana iya sauraron duk abin da na ƙasa da shi yake saurara. Ban taɓa jin wani a ƙauyenmu ya musa masa wannan ba, don kowa haka ya ɗauka. Ni ce 'yarsa ta fari, ina koyarwa a wata firamare a Funtua, shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ƙauyen namu yana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, kuma muna da gona a bakin titi, gadon kakana. Zamanin da auduga take auduga, ma'aikatan gwamnati suka zo neman fili a gefen hanya inda za su kafa ma'auni su riƙa sayen kaɗa, wato audugar, daga manoma, abin da ake ce wa fuloti. Kakana ya yanka musu gefen da ke kallon titi, ya ce aro ne, in sun gama su dawo masa da abinsa. Baba yana wurin a tsaye, lokacin yana sabon aure, shi ne ma ya kafa turakun iyaka da hannunsa. Ba a rubuta komai ba. A wurinmu aron gona ba ya neman rubutu, don yana da alamarsa da kowa ya sani: wanda aka ara wa zai yi amfani da ƙasa, amma itatuwan da ke cikinta na mai gona ne, ba ya tsinka, ba ya sara.

A cikin fulotin akwai manyan itatuwan ɗorawa. Duk shekara in sun nuna, Inna, mahaifiyarmu, takan kwashe mu da ƙugiya da kwanduna mu je mu yi ta zazzago su, a gaban malaman auduga, babu mai ce mana kanzil. Su kansu in suna son su tsotsi garin ɗorawar sai sun ce, "Inna, a sam mana." Mukan dawo gida baki da riga duk rawaya, ita kuma ta ware kalwa ta dafa daddawar da za ta kai mu wata shekarar. Ina yarinya ban san wannan tsinkar da muke yi ita ce shaidar gonarmu ba, ni dai zaƙin nake bi.

Daga baya auduga ta mutu. Aka daina zuwa da ma'auni, iska ta yaye kwanon rumfar, yara suka kwashe saura, wurin ya zama na awaki. Mutane suka yi ta ce wa Baba ya sa garma ya haɗe shi da gonarsa tunda masu aron sun watse. Ya ce ina! Wanda ya ari abu shi ke zuwa da ƙafarsa ya yi godiya ya ce ga kayanka, mai abu ba ya bin dare ya ɗauke. Haka ya yi ta jiran gwamnati ta zo ta yi masa godiya, shekara da shekaru, mu kuma muna ta tsinkar ɗorawarmu. Inna ta rasu yana cikin jiran.

Wata rana da rani, ina aji, ƙanena ya kira ni a waya. Direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Funtua da Katsina. Ya ce, "Yaya, ki zo gida, ana sare ɗorawa." Kafin in samu mota in isa, an gama. Wasu samari ne da injin zarto, sun kwantar da itatuwan duka, har sun fara yayyanka su gunduwa-gunduwa, ga kuma tifa tana juye yashi a gefe. Ashe wata hukumar gwamnatin tarayya ce, wadda ta gaji kadarorin masu sayen auduga, ta yi gwanjon tsofaffin filayenta, wani Alhaji mai fataucin hatsi a Funtua ya sayi fulotin zai gina sito. Na tarar da Baba zaune a kan kututture ɗaya, hannunsa a kan sabon yankan. Ni kuwa bakina bai yi shiru ba, na yi wa yaran nan tatas, alhali su ma aiko su aka yi.

Baba ya je wajen dagaci. Dagaci ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi ma ya ji daga bakin mahaifinsa cewa aro ne, amma abin ya fi ƙarfinsa, don Alhajin yana riƙe da takarda daga Abuja. Wannan kalmar, Abuja, ita ce ta zauna wa Baba a rai. Tun a zauren dagaci ya yanke cewa tunda daga sama abin ya fito, a sama za a warware shi.

Na kai shi wajen wani lauya a Funtua, mahaifin wata ɗalibata, mutum mai sanyin magana. Ya saurari Baba har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce, "Baba, maganarka tana da ƙarfi, tunda kai ka kafa turakun kuma kana da rai. Mu shigar da ƙara a babbar kotun jiha, ga ta nan cikin gari, ko a ƙasa ma ka je."

Baba ya ce, "A'a. Kotun tarayya nake so, ta Katsina. Gwamnatin tarayya ce ta sayar."

Lauyan ya gyara zama ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce kotun tarayya ba kowace magana take ji ba, an lissafa mata abubuwan da ke hannunta: kwastan, harajin tarayya, rigimar kamfanoni, harkar jiragen sama da na ruwa, da kuma yadda hukumomin tarayya suke tafiyar da aikinsu. Amma a ce wane ne mai gona, wannan na kotun jiha ne, ko da kuwa hukumar tarayya tana cikin waɗanda ake ƙara.

Baba ya dube shi ya ce, "Yaro, tsakanin gwamna da shugaban ƙasa wa ya fi girma?"

"Shugaban ƙasa, Baba."

"To ta yaya kotun shugaban ƙasa za ta kasa jin abin da kotun gwamna take ji? Ka taɓa ganin sarki ya ce maganar dagaci ta fi ƙarfinsa?"

Lauyan ya ce ba sama da ƙasa ba ne, kafaɗa da kafaɗa suke, kamar likitan ido da na haƙori, kowa da abin da yake dubawa. Baba ya yi murmushi irin na wanda ya gama gane mutum, ya yi godiya, muka fito. A bakin ƙofa ya ce mini yaron nan tsoron Alhaji yake ji, so yake a yi abin a Funtua inda mai kuɗi ya san kowa. Na ce, "Haba Baba, mutumin nan fa abin da ya karanta ke nan." Ya ce, "Malama, ke a b c d kika sani, ni kuwa na san manya." Muka yi ta ja har tasha, bai sauka daga kan bakansa ba.

Ƙanena ne ya samo wani lauyan a Katsina. Ba zan ɗora wa mutumin nan laifi ba, don bai ɓoye mana komai ba. Ya ce su kansu lauyoyi suna saɓani a kan irin wannan, tunda akwai hukumar tarayya a ciki ana iya cewa sayarwar da ta yi muke ƙalubalanta, amma ɗaya ɓangaren za su ce maganar gona ce kawai aka sa wa riga. Ya ce ana iya gwadawa, sai dai akwai haɗari. Baba "ana iya" kaɗai ya ji, sauran duk ya bi iska.

Lauyan ya zaunar da shi ya rubuta bayaninsa, Baba ya sa hannu da ajami. A lokacin kansa garau yake, ya fi nawa. Ya faɗi wanda ya tsaya gabas da wanda ya tsaya yamma ranar aron, da irin itacen da aka yi turakun da shi, da abin da kakana ya ce da abin da babban malamin auduga ya amsa. Lauyan ya ce duk wannan ya yi kyau, amma takarda ba ta zama shaida sai mai ita ya tsaya gaban alƙali ya rantse ya ce tasa ce, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi ya amsa. Duk waɗanda suka halarci aron sun riga mu gidan gaskiya. Baba kaɗai ya rage, don haka gonar tana cikin kansa ne, in ya faɗa an ji mun samu, in bai faɗa ba shi ke nan.

Haka muka fara zaryar Katsina. Mukan tashi bayan asuba a motar ƙanena, mu tsaya Malumfashi Baba ya sha koko da ƙosai, sannan mu miƙa. Kullum farar babbar rigarsa yake sawa da hular da ba ya taɓawa sai da Sallah. Da mun bar Malumfashi sai ya fara bitar shaidar da zai bayar, ya kafa ido a kan titi kamar alƙalin yana zaune a kan bonet: "Ranka ya daɗe, ran da suka zo, mahaifina yana bakin gona yana gyaran kwandon kaɗa…" Ya bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe, in ƙanena ya yi magana a tsakiya ya daka masa tsawa ya koma farko. Mun haddace ta har mukan riƙa motsa baki tare da shi.

Kotun kuwa sanyi ƙalau, komai da Turanci. Muna zaune a benci na baya ana ta kiran shari'o'i, wannan banki da kamfani, wancan an kama shi da kayan fasa-ƙwauri. Baba ya waiga hagu da dama, ya raɗa mini cikin jin daɗi, "Kin gani ko, Malama? Mu kaɗai ne manoma a nan." Shi abin alfahari ne a wurinsa. Ni kuwa sai na tuna maganar lauyan Funtua.

Da aka kira tamu, lauyoyin Alhaji da na hukumar suka miƙe suka yi ta magana, namu ya mayar, alƙali ya rubuta, aka ba da wata rana. Ko kallon Baba ba a yi ba. A waje lauyanmu ya ce sun kawo ƙorafi ne cewa kotun ba ta da hurumi, wato ba ta da ikon jin wannan ƙara tun daga tushe, kuma sai an warware wannan kafin kowa ya buɗe baki a kan gona. Baba ya ce to a warware mana, ai ba abin wahala ba ne, alƙali bai san aikinsa ba ne da zai zauna ana gaya masa abin da zai iya da wanda ba zai iya ba?

Tabɗi! Ashe abin da ya fi komai wahala ke nan. Yau a ce lauyan hukumar bai iso daga Abuja ba, gobe a ce alƙali ya tafi taro. Ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, da suka dawo sai ga dogon hutun alƙalai, wanda yake faɗowa daidai lokacin da manomi ya fi kowa aiki. Muna ganin an kusa, sai aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce a sake gabatar da komai a gabansa. Akwai lokacin da hanya ta lalace da tsoron 'yan bindiga, mukan tafi ana ta addu'a a mota, mu isa a ce an ɗaga. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban ma ƙara lissafi ba. A can gida kuwa katanga ta tashi, sito ya tsaya, tireloli suna shiga da masara suna fita.

A cikin motar na fara lura. Wata rana yana bita sai ya tsaya a kan sunan wanda ya tsaya yamma, ya yi ta lalube, ƙanena ya faɗa masa, maimakon tsawa sai ya ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka." Wani zuwan ya tsallake turakun gaba ɗaya. Wani zuwan kuma ya haɗa ranar aron da ranar da aka raba gadon kakana, ya sa mutanen da suka mutu kafin a yi abin a cikin masu halarta. Na ce gajiya ce. Sai matar ƙanena ta gaya mini ya yi sallar la'asar ya sake yin alwala ya ce ba a yi ba, kuma an taɓa tsinto shi a bayan gari ya fito daga masallaci ya rasa hanyar gidan da aka haife shi a ciki.

Muka kai shi asibiti a Malumfashi. Likitan ya yi masa 'yan tambayoyi, ya sa ƙanena ya fita da shi, sannan ya ce mini ciwon mantuwa ne na tsufa. Akwai abin da za a ba shi ya ɗan lafa, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma gaba zai yi ta yi. Na tambaye shi ko akwai sauran lokaci. Ya ce in akwai abin da muke so mu ji daga bakinsa, mu ji shi yanzu.

A zama na gaba na tare lauyanmu a barandar kotu. Na ce ya shiga ya roƙi alƙali, don Allah don Annabi, a bar tsohon nan ya faɗi maganarsa yau, a rubuta a ajiye, in ya so su ci gaba da gardamarsu har tashin duniya. Ya ce ya fahimce ni, zai ambata, amma kada in sa rai, don kotun da ba ta tabbatar tana da iko ba, duk abin da ta saurara kamar ba a yi ba ne, ɗaya ɓangaren ma ba za su yarda ba. Wallahi ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce wace irin shari'a ce wannan, mutum yana tsaye da bakinsa da maganarsa, a shekara ana shawarar wane kunne ne ya halatta ya ji shi? Ɗan sandan ƙofa ya zo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ana zama a ciki." Na koma gefe na yi kukana, na wanke fuska a famfo don kada Baba ya gani.

Ranar da aka yanke maganar hurumin, alƙalin ya daɗe yana karatu. Ban tsinci komai ba sai fuskar lauyanmu da na ga ta sauya. Da ya gama sai ya cire tabarau, ya dubi bencinmu, ya yi magana da Hausa, karo na farko tun da muka fara zuwa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ban ce ba ka da gaskiya ba, ban kuma ce kana da ita ba. Doka ba ta ba ni ikon jin maganar gona ba. Ba zan kori ƙararka ba, zan tura ta babbar kotun jiha da ke Funtua, can ne wurinta."

Baba dai ya ji alƙali ya kira shi, ya ɗauka lokacin ne ya yi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ran da suka zo, mahaifina yana bakin gona…" Magatakarda ya ɗaga masa hannu, lauyanmu ya juyo da sauri yana cewa, "Baba, zauna, zauna." Alƙalin ya sunkuyar da kai, aka kira shari'a ta gaba. Ni na ja rigarsa na zaunar da shi, kuma har yau in na tuna hannuna ne ya yi wannan sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

A mota bai tambayi abin da ya faru ba. Muna fita daga gari ya ɗora daga inda aka tsayar da shi, ya kai ta har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya, gabas da yamma da turaku da abin da kakana ya ce, komai a wurinsa, abin da ya yi watanni bai iya ba. Na yi maza na ɗauka a waya. Da ya gama ya ce, "To, na faɗa." Ya jingina ya yi barci har Malumfashi. Wannan ne karo na ƙarshe da na ji ta cikakkiya daga bakinsa.

Hanyar da muke yi a rabin yini, fayil ɗin ya yi watanni bai gama ta ba. Na koma wajen lauyan Funtua ina jin nauyi, amma bawan Allahn nan ko sau ɗaya bai ce ai na gaya muku ba. Na kunna masa abin da na ɗauka, ya saurara har ƙarshe, ya ce in adana shi don 'ya'yana, sai dai waya ba ta rantsuwa kuma ba ta amsa tambaya. Kotun da aka turo mu ita ce wadda nake wucewa ta gabanta kullum a kan acaɓa in zan tafi makaranta. Duk shekarun nan tana nan, ƙofarta a buɗe.

A nan abin bai ja ba. Babu wanda ya ce ba ta da iko, aka sa ranar jin shaidu. Muka yi wa Baba wanka, muka sa masa farar rigar, wadda yanzu ta yi masa yawa. A lokacin ya daina ce mini Malama, wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya gaishe ni kamar baƙuwa. Duk hanya ina ta jan masa farkon maganar ko zai kama, shi kuwa yana kallon masu tallan rake.

Aka shigar da shi akwatin shaida, aka ba shi kujera saboda shekarunsa. Lauyan Funtua, wanda yanzu shi ne namu, ya miƙa masa takardar bayaninsa, ya nuna masa ƙasan, ya ce, "Baba, ka san wannan sa hannun?" Ya riƙe ta ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mai rubutun nan ya yi makarantar allo mai kyau." Lauyan ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka san fulotin da ke bakin titi a ƙauyenku?" Fuskarsa ta washe, ya ce, "Na sani mana. An fara awo ne? Bana nawa suka sa wa kaɗa?" Lauyan ya sake gwadawa ta wata hanya, ya ambaci kakana, ya ambaci turaku. Baba ya waiga yana neman fuskar da ya sani, ya ce shi dai a mayar da shi gida, mahaifinsa zai yi faɗa in ya daɗe.

Lauyan Alhaji, wanda na shirya tsanarsa tun daga gida, ko miƙewa bai yi ba, ya kafa ido a kan teburinsa. Alƙalin ya ce a taimaka wa Baba ya sauko. Ga kunnen da doka ta yarda ya ji shi, ga shi a gabansa, amma maganar ta riga ta tafi.

Ni da ƙanena muka ba da tamu shaidar. Na faɗi tsinkar ɗorawa, na faɗi al'adar aro. Lauyan Alhaji ya tambaye ni cikin ladabi ko ina wurin ranar da aka ba da filin. Na ce ba a haife ni ba. Ya ce ko na san yara suna tsinkar 'ya'yan itace a duk filin da babu mai tsaro. Na ce namu daban ne, ya ce ya gode, ya zauna. Da aka zo hukunci aka ce ba mu kawo abin da ya isa ya rushe takardar da ke hannun Alhaji ba. Ban zargi alƙalin ba, da abin da aka sa a gabansa ya yi aiki. Haushina ya rasa inda zai sauka, ga Baba da taurin kansa, ga ni da ban iya juya shi ba, ga doka da ta san ƙofa biyu alhali mu ɗaya muka sani. Ba mu gaya wa Baba an yanke ba, don babu wanda za a gaya wa.

Bayan kaka muka sake kai shi asibiti a Malumfashi karɓar magani. A dawowa, da la'asar sakaliya, muka iso bakin ƙauye, sai wata tirela ta tare hanya tana ƙoƙarin juyawa ta shiga siton, dole ƙanena ya tsaya. Baba yana gaba, ni ina baya. Ya leƙa ta taga yana kallon katangar da sabon fenti, da ƙaton ƙyauren ƙarfe, da 'yan dako suna ta sauke buhuna.

Ya ce, "Wannan wurin na wane ne?"

Ƙanena ya kafa ido a kan tirelar. Na ce, "Na wani Alhaji ne, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, ya dace da wuri. Ga bakin titi, ga fili. Allah ya sanya masa albarka a ciki."

Babu wanda ya amsa. Na juya fuska ɗaya gefen. Sai ya waiwayo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa fasinjan da aka ɗauka a hanya, ya ce, "Ke baiwar Allah, a gidanku ba a koya miki amsa addu'a ba ne?"

Na ce, "Amin, Baba."